Buhu Mai Kunne Ɗaya

Farkon daminar shekarar 1974 ne Angelina Abednego ta sauka a Birnin Gwari daga motar Kaduna, da ƙaramin akwati a hannu da littattafan rubutu uku a jaka. 'Yar kudancin Zariya ce, shekarunta ashirin da shida. Ofishin da take wa aiki a Kaduna sana'arsa ɗaya ce: a shiga kamfanin mutum a zauna a ga yadda yake tafiyar da aikinsa, a rubuta daki-daki, wa ke yin me, me ake rubutawa, ina ake ajiye abin da aka rubuta, sannan a nuna masa inda ke buƙatar gyara.

Wanda ya sa aka turo ta shi ne Alhaji Maikuɗi, babban dillalin hatsi, mai Kamfanin Maikuɗi da Ƙannensa. Yana neman a ba shi wakilcin raba iri ga manoman yankin, aka ce masa sai ya kawo tsarin aikinsa a rubuce. Alhaji bai ga amfanin abin ba. Shekara ashirin yana saye da sayarwa da ka da baki, ba a taɓa cewa buhu ya ɓace masa ba. Amma tunda an ce sai da takarda, ya sa aka ba ta ɗaki a gidan wani malamin makaranta, ya ce wa mutanensa duk abin da ta tambaya a gaya mata, in dai ba za ta hana aiki ba.

Shekarar kuwa ta yunwa ce. Fari ya cinye arewa bara, mutane sun gangaro da iyalansu da dabbobinsu, dawa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Duk buhun da ya fita daga siton Alhaji, ba ya kwana uku bai shiga tukunya ba.

Dabarar Angelina ba ta da wuya. Buhu ɗaya take bi, daga shigowarsa har fitarsa, a kowane mataki ta tsaya ta yi tambaya. A rana ta uku da zuwanta, tun ƙarfe bakwai tana bakin sito tana kallon leburori suna loda buhu sittin na dawa a babbar motar kamfani, za a kai kasuwar Tabanni. Ta rubuta yadda ake ƙirgawa. Ta rubuta cewa takardar fitar da kaya biyu ce, ta sama a ba direba, ta ƙasa a soke ta a ƙusa jikin bango. Direban, Enoch, ya karɓi tasa ya cusa a hula, ya ja mota ya tafi.

Mai riƙe da sito a lokacin Mu'azu ne, ƙanin Alhaji, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da son tsari a jininsa. Mako uku ke nan da ya karɓi makulli, tun da tsohon mai sito, Baba Yusha'u, ya kwanta ciwon ƙafa. Jerin buhunansa a miƙe suke kamar an ja igiya.

Bayan motar ta tafi Angelina ta juya shafi ta ce, "Malam Mu'azu, jiya Alhaji ya ce mini kun riga kun shirya irin da za ku raba, har an sa masa maganin ƙwari. Ina yake?"

"Yana ciki."

"Wane jeri?"

Mu'azu ya ɗaga hannu zai nuna, sai hannun ya tsaya a sama. "Yana ciki dai, Malama. Baba Yusha'u ne ya yi wannan aikin kafin in zo."

"A ina aka rubuta shi?"

Ya jawo babban littafin sito ya buɗe mata. Ta bi layukan da yatsa. Dawa, buhu kaza ya shigo. Dawa, buhu kaza ya fita. Babu inda aka ce iri, babu inda aka ce ta ci.

"Ai dawa dawa ce," in ji Mu'azu, yana rufe littafin.

A lokacin ba ta ji tsoro ba. Gurbi kawai ta gani a rubutunta, ita kuwa ba ta son barin gurbi. Ta tambayi gidan Baba Yusha'u, aka kwatanta mata, bayan kasuwa kusa da rijiya.

Ta same shi a zaure a kan tabarma, ƙafarsa ta dama a kumbure. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu, an naɗe kan tsutsar a tsinke ana jan ta kaɗan-kaɗan kullum. Tsoho ne mai fara'a, ya daɗe bai sami wanda zai yi wa hirar aiki ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Iri? Buhu arba'in ne, 'yata," ya ce. "Ni na gauraya shi da hannuna a cikin duro, ni da wasu 'yan ci-rani biyu. Sun koma garinsu da saukar ruwan farko. Hodar maganin nan ba ta wasa ba ce. Ranar da muke aikin wani zakara ya tsinci abin da ya zube a ƙasa, wallahi bai kai bakin ƙofa ba."

"Ana gane ta a jikin dawar?"

"Sai wanda ya sani. Toka-toka ce, dawar kuma kaura ce, ba ta nunawa. In ka murza a tafin hannu za ka ga ƙura, ka ji ɗan wari. Amma wa ke tsayawa murza dawa a bana?"

"To Baba, yaya ake bambanta buhunan?"

Ya yi murmushi, don an zo inda yake so. "Kin ga kowane buhu in an ɗinke bakinsa ana bar masa kunne biyu, na kamawa. To na iri, sai in lanƙwasa kunne ɗaya in ɗinke shi a jikin buhun da basilla. Duk buhu mai kunne ɗaya, ba na ci ba ne. Sannan na jera su su kaɗai a bangon yamma."

"Wa ya san wannan ban da kai?"

"Wa kuma zai sani? Ai ni ne a sito."

"Malam Mu'azu fa?"

"Na ce masa kada ya taɓa jerin yamma."

"Ka gaya masa dalili?"

"Ai na ce kada ya taɓa."

Alƙalamin Angelina ya tsaya. Jiya da la'asar ta zana fasalin siton a littafinta, bango huɗu da ƙofa da jerin buhuna. Ta mayar da shafi baya ta duba. A bangon yamma ba ta zana buhu ko ɗaya ba. Abin da ta rubuta a wurin shi ne: fili, kwano yana yoyo, bokiti biyu.

Ba ta san ko ta yi wa tsohon sallama ba. Ta dai tsinci kanta tana ratsa kasuwa da sauri, takalminta yana zamewa a taɓo.

"Malam Mu'azu, buhunan da ke bangon yamma, ina suke?"

"Na kwashe su. Ruwan da aka yi kwana biyar da suka wuce ya ɓalle kwano, da na bar su da sun ruɓe. Na haɗa su da sauran na sake jeri gaba ɗaya." Ya dube ta. "Lafiya?"

Ta gaya masa. Tana magana fuskarsa tana sauyawa. Ya juya ya daka wa leburori tsawa, aka shiga rushe jerin da ya ɓata kwana guda yana gyarawa. Buhu bayan buhu suna jawowa, ita tana duba baki, mai kunne ɗaya a jefa gefe. Ƙura ta turnuƙe siton. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, Mu'azu ma ya ƙirga da kansa. Talatin da ɗaya.

Ta je jikin bango ta zare takardun da ke soke a ƙusa. Nan kam rubutu ya yi rana: tun ranar da aka sake jeri, babu kayan da suka fita sai motar safiyar nan. Buhu tara na guba suna kan hanyar Tabanni, ko ma sun isa, kuma da idonta ta ga an loda su.

Alhaji Maikuɗi yana ofishinsa yana shan fura sa'ad da suka shigo. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye ludayi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya dubi ƙaninsa. "Mu'azu, ɗauki akori-kura ka bi su. Ka janye buhunan a hankali, ka ce an yi kuskuren lodi. Kada kowa ya ji maganar guba. In wannan magana ta fita, babu mai sake sayen ƙwaya ɗaya a hannunmu."

"Ranka ya daɗe," in ji Angelina, "in an riga an buɗe wani an fara awo fa?"

Alhaji ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Ke aikinki rubutu ne."

"Haka ne. Shi ya sa nake tambaya. In an auna wa mutane sun tafi da ita, wa zai janyo ta a hankali?"

Alhaji ya ture kwanon furar gefe. Ya kalli agogon bango, sha ɗaya da rabi ta gota. "Ku tafi," kawai ya ce.

Angelina ta ce a ɗora buhu goma na dawa mai kyau a akori-kurar. Mu'azu ya ce ɓata lokaci ne. Ta ce wanda ya sayi abinci a shekarar nan ba zai dawo da shi don an ba shi baki ba, sai ya ga wani a ƙasa. Ya yi tsaki, amma ya sa aka ɗora, ita kuma tana duba kunnen kowanne.

Hanyar ta bar gari ta shiga daji. Itatuwan doka da maje sun yi sabon ganye, ƙasa ja ta jiƙe, sawun tayar babbar mota yana nan a gabansu ya yi zurfi. Mu'azu yana tuƙi haƙoransa a cije, motar tana tsalle tana dirowa. Angelina ta rungume littafinta da hannu ɗaya, ɗayan ta dafe ƙofa. Lissafin lokaci take yi a zuci. Enoch ya tashi bakwai da rabi, da kaya ba zai isa ba sai wajen sha ɗaya. A sauke, a raba wa 'yan awo, sha biyu. Kasuwa ba ta cika sai bayan azahar. Wanda ya saya sai ya koma gida, a surfa, a wanke, a niƙa. Akwai lokaci. Ta sake bin lissafin, ta sake cewa akwai lokaci.

Sun yi fiye da rabin tafiya suka iso wani rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma babbar mota ta riga ta kwaɓe mashigin. Mu'azu ya shiga da ƙarfi, suka kai tsakiya, tayoyin baya suka nutse a yashi. Ya ba ta wuta, ta yi ƙara, ta ƙara nutsewa.

Ya kashe inji ya juyo. "Kin gani? Nauyin buhunanki ne."

Gaskiya ya faɗa. Ya fita ya shiga ruwa, ya fara saɓa buhunan ɗaya-ɗaya yana kai su gaci. Ita ta cire takalmi ta tattare siket, ta shiga karyo rassa tana turawa ƙarƙashin taya. Ƙudan tsando suka yi musu caa, ba ta ma jin cizonsu. Babu kowa a hanyar, ko mai keke. Sau biyu suna gwadawa motar tana komawa. A na uku ya nuna mata inda za ta taka, ta zauna a kujerar direba, ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, shi kuma ya sa kafaɗa a baya ya yi wani irin nishi, motar ta fizga ta haye.

Ya tsaya yana haki yana kallon buhunan da ke gaci. Ta zaci zai ce a bar su. Sai ya sunkuya ya sake saɓa su, ya mayar da shida, ya bar huɗu a gindin wata ƙirya. Sun yi asarar kusan awa guda.

Ƙarfe biyu da rabi suka shiga Tabanni, kasuwa ta cika maƙil. Suka sami Enoch a inuwar motarsa yana cin rogo, ya nuna musu rumfar Maiturare, wakilin kamfani, wanda ke raba buhuna ga 'yan awo. Rabin kayan suna nan a jibge. Ba su tsaya dogon bayani ba, suka hau jawowa. Masu kunne ɗaya shida suka fito. Suka bi layin 'yan awo da gudu-gudu, suka sami na bakwai wani dattijo ya zauna a kansa bai buɗe ba.

Na takwas yana gaban wata mata mai awo, Azumi. Bakinsa a buɗe, an nannaɗe shi ƙasa, kunnen da aka lanƙwasa yana nan ɗinke a gefe. Fiye da rabi ya tafi. Tana cikin cika tiya ga wani mutum Angelina ta riƙe mata hannu. Ta ɗebi dawar ta murza a tafinta. Ƙura mai toka-toka ta fito.

"Na tara fa?" Mu'azu ya tambayi Maiturare.

"Akwai wanda Inna Asibi ta ɗauka sukutum, gayyar noma take da ita gobe. Jaki ya kai mata tun sha biyu. Ban duba kunnensa ba, wa ke duba kunnen buhu?"

Angelina ta dubi Mu'azu. "Yayanka ya ce kada kowa ya ji."

"Na ji shi."

"To?"

Ya share fuska da hular da ta jiƙe. Ya juya ya taka tayar babbar mota ya haye sama, ya buɗe muryar da ya koya a fareti.

"Jama'a! Ku saurara! Duk wanda ya sayi dawa yau a wurin Azumi, kada ya ci, kada ya ba dabba! Akwai guba a ciki! Iri ne mai magani, mu muka yi kuskure! Ku dawo da ita a ba ku wata!"

Kasuwa ta yi tsit, sannan ta ɓarke. Mata suka fara zubar da ƙwaryar awo, har waɗanda gero suka saya. Maza suka yo kan motar. Wani ya kama ƙafar wandon Mu'azu yana cewa sun zo kashe talakawa, wani ya ɗaga sanda. Sarkin kasuwa ya kutso da ƙyar yana ba da haƙuri. Angelina ba ta tsaya ganin ƙarshen abin ba. Ta ja hannun Enoch ta ce ya nuna mata gidan Inna Asibi.

Gidan yana bakin gari. Tun daga nesa ta jiyo lugude, turmi uku suna amsa juna. Ta shiga ba sallama tana ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya!"

Mata shida suka tsaya da taɓare a sama. Buhun yana jingine da rumbu, kunne ɗaya. An surfa kusan kashi ɗaya cikin uku, dusa tana kan faifai, ba a kai ga wankewa ba. Inna Asibi, gajeruwar dattijuwa mai kaifin ido, ta fito daga madafa.

"Ke 'yar wa ce, za ki shigo mini gida kina ihu?"

"Inna, ki yi haƙuri. Dawar nan da guba. Akwai wanda ya ci?"

Aka dubi juna. Wata matashiya cikin masu surfen ta ce a hankali, "Na watsa kaɗan a baki ɗazu. Na ji ɗaci na tofar." Ta dafe goshi. "Kaina dai yana sarawa."

"Nawa ma," in ji wata.

Angelina ta sa aka fitar da su daga cikin ƙurar, suka wanke hannu da fuska da baki da sabulu. Aka kore kaji, aka kife ƙwarya a kan dusar. Enoch ya tafi da matan biyu wurin malamin asibiti na garin. Inna Asibi ta zauna a kan turmin da aka kwantar, ta rafka tagumi.

"Mutum hamsin na gayyata gobe," ta ce. "Mutum hamsin, 'yar nan. Da 'ya'yana a ciki."

Da Angelina ta koma kasuwa ta tarar an lafa. Leɓen Mu'azu a fashe, rigarsa a yage, amma buhu shida masu kyau suna ƙasa a buɗe, kuma ganinsu ne ya kwantar da mutane. Sarkin kasuwa ya yanke cewa duk wanda ya dawo da tiya ɗaya a ba shi biyu. Nan take sai ga mutane sun yi layi, har da waɗanda ba su taɓa zuwa gaban Azumi ba.

Angelina ta sa aka auna abin da ya rage a buhun. Tiya goma sha bakwai, cikin arba'in. Ashirin da uku suna hannun mutane. Ta zauna a ƙasa kusa da Azumi, wadda ke ta kuka tana rantsuwa ba ta sani ba.

"Babu wanda ya ce laifinki ne, Yaya Azumi. Ki share hawaye, ke kaɗai za ki fitar da mu. Wa kika fara auna wa?"

Azumi ba ta karatu, amma ba ta manta fuska. Ta fara jerowa: matar maƙeri, tiya biyu. Malamin makarantar mishan, uku. Wata Bagwariya mai jan kallabi daga ƙauyen gabas, ɗaya. Tana faɗa Angelina tana rubutawa, har mutum goma sha ɗaya, adadin kuma ya cika ashirin da uku daidai. Wanda ke cikin layi aka karɓi tasa aka murza a tafi kafin a musanya. Wanda ya riga ya tafi, sarkin kasuwa ya tura masu keke. Duk wanda aka samu, sai ta ja layi a kan sunansa.

Rana ta yi sanyi, layuka goma sun jawu. Saura ɗaya.

"Bafillace ne," in ji Azumi. "Dogo, da sanda da buta. Tiya biyu. Ba na nan ba ne, cikin baƙin da fari ya koro ne. Tun kafin azahar ya saya ya nufi daji."

Aka tambayi masu nono, aka tambayi mahauta, babu wanda ya san sunansa ko inda ya sauka. Rugagen baƙi a dajin nan a shekarar sun fi a ƙirga, yau suna nan gobe sun tashi.

Mu'azu ya karɓi aron keke. Ya ce wa Enoch ya mayar da Malama gida da buhunan tara, a ɗaure su daban. Shi zai bi rugage.

"Daji ne fa, Malam Mu'azu," ta ce. "Ta ina za ka fara?"

"Ta wadda ta fi kusa."

Kwana uku ba a ji ɗuriyarsa ba. Angelina ta koma bakin aikinta, don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba in ba haka ba. Abinci ya ƙi shiga. Duk tuwon da aka ajiye mata sai ta ga tiya biyun nan, ta ƙiyasta mutum nawa za su ci. Ta sa aka ɗauko Baba Yusha'u a amalanke aka kawo shi sito. Tsohon ya ji abin da ya faru, ya daɗe yana salati, sannan ya zauna ya fara zazzage mata abin da ke kansa: wane jeri ne tsohon hatsi da ya kamata ya fara fita, wane ne aka sa wa maganin ɓera a ƙarƙashi, wane ƙauye ne dawarsu ba ta jure ajiya. Shafi goma sha huɗu ta cika. Ta tsara cewa iri ya koma ɗaki dabam mai makullinsa, kowane buhu a shafa masa jan fenti gaba da baya, a buɗe masa littafinsa, kuma kada a fitar da shi sai mutum biyu sun sa hannu.

Alhaji ya karanta, ya ce duk ya yarda. Sannan ya ɗora yatsa a shafin da ta ba da labarin Tabanni. "Wannan fa? Dole ne ya shiga?"

"Ranka ya daɗe, in na cire shi, wanda zai riƙe sito bayan shekara biyar zai ga jan fenti ɓata lokaci ne. Kuma duk Tabanni sun ji. Gara masu ba da wakilcin su ji daga bakinka."

Ya daɗe yana kallon shafin. "Bar shi," ya ce, ba da daɗin rai ba.

A rana ta huɗu da hantsi tana cikin sito tana duba masu fenti, sai ta ji hayaniya a waje. Ta fito. Mu'azu ne, ya rame ya yi baƙi, ƙafafunsa duk ƙaya, yana tura keken da tayarsa ta fashe. A bayansa wani dogon Bafillace da sanda, ya rataya fatar tunkiya a kafaɗa.

Angelina ta matso. Ta tsaya kawai tana kallon bakin Mu'azu.

"Sunansa Bappa," ya ce. "A ruga ta tara na same shi, can wajen Gwaska. Babu wanda ya ci."

Bappa ya jefar da fatar a gaban Alhaji, ya yi bayani da Hausarsa mai karyewa. Matarsa ta surfa dawar ta wanke, ta ba tunkiya ƙasarin, wato ruwan wankin. Kafin ta shanya tsabar, tunkiya ta faɗi tana kumfa. Sai matar ta haƙa rami ta binne dawar duka, suka kwana da nono. Su bakwai ne a gidan. Tunkiyar kuwa tana da ciki, saboda haka shi tunkiya biyu ya zo karɓa.

"A ba shi uku," in ji Alhaji. "Ya shiga garke ya zaɓa da kansa."

Angelina ta buɗe littafinta ta nemo shafin Azumi. Ta dafa littafin a jikin bango ta ja layi na goma sha ɗaya. Daga nan ta zagaya bayan sito inda babu kowa, ta zauna a kan wani dutse. Ta jima a nan. Sannan ta tashi ta nufi bakin kasuwa, ta sayi waina da miya ta zauna a benci ta cinye tas, ta ce a ƙaro.